Kwandunan Gwaggo

Jiya a Gwadangaji na wuce wani gida ana ba furanni ruwa a kwandon rataye. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

A gidanta na Argungu awaki ba sa barin komai, don haka takan shimfiɗa tsohon buhu a kwando, ta zuba ƙasa da taki, ta shuka furanni, ta rataye a bakin rumfa. Kullum da safe sai ta tura yatsa ta ji danshi kafin ta zuba ruwa. Takan ce, "Abin da anka rataye ba ya iya neman ruwa da kainai."

Zuwana na ƙarshe hannunta ya daina ɗaguwa. Ta ce, "Ɗana, taimaka ka shayar min da su." Ina saurin komawa Birnin Kebbi, sai na kwarara bokiti guda a kai. Ƙasa ta zubo, jajayen furanni suka kakkarye, laka ta ɓata mata zani.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tsince furannin a tafin hannu, ta ce, "Zamna ka sha hura mana." Na ce sai wani zuwan. Kafin in koma, ta rasu.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ni haƙurin zama da tsofaffin da suka rage mana.