Zalɓe, Kwaɗo da Fensirin Ya'u

Kakata Fanna bandar kifi take yi a bayan gidanmu a Hadejia. In ruwa ya janye daga fadama, kifi ya yi yawa, sai ta hura wuta bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙin yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Tana juya tarwaɗa da hannu ɗaya, ɗayan tana nuna mu da shi.

A lokacin ina elementare, cikin yaran da En'e, hukumar sarki, ta ɗiba aka kai boko. Malaminmu yana da abu biyu a kan teburi: gwangwanin sukari da dorina. Wanda ya yi shiru har aka tashi, ƙwayar sukari. Wanda ya makara ko ya yi motsi, bulala uku. Ni mai shiru ne tun asali, don haka sukari ya zama nawa. Wata rana na zo ina yi wa Kaka fariya, har da yi wa 'ya'yan masunta dariya, waɗanda kullum sai an zane su.

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Maigidana, matso. Ga wata tatsuniya ta taso daga fadama."

Muka amsa yadda ta koya mana: "Ta iso da jiƙaƙƙiyar ƙafa."

Ta ce Zalɓe ne ya buɗe makaranta a bakin kogi. Dokarsa ɗaya: duk wanda ya tsaya cik daga hantsi zuwa azahar, zai ba shi ɗan kifi. Wanda ya motsa, sara da baki. 'Ya'yan Zalɓe kullum su ke cin kifi, tun da tsayuwa gadonsu ce. Ɗan Kwaɗo kuwa, da rana ta taɓa fatarsa sai ya faɗa ruwa, ya fito ya sha sara. Har bayansa ya zama duk tabo. Rannan ya rantse shi ma sai ya ci kifin nan. Ya zauna a kan yashi, rana ta take, fatarsa tana tsagewa, bai ko ƙifta ido ba. Da azahar Zalɓe ya kawo kifi ya ajiye a gabansa, ya ce wa sauran, "Kun ga amfanin horo." Aka jira Ɗan Kwaɗo ya ɗauka. Ashe tuni ya bushe.

Na ce, "Kaka, to me ya kamata Zalɓe ya yi?"

Ta gyara itace. "Ni ma ban sani ba, ɗan nan. Shi ma haka aka tsayar da shi yana ƙarami."

Na ji haushin tatsuniyar, don ba Gizo a ciki, ba kuma wanda ya yi nasara.

Bayan shekaru, Kaka ta riga ta rasu, Turawa ba su tafi ba tukuna, aka tura ni koyarwa wani ƙauye ta wajen Guri. Na shiga aji da niyyar ba zan zama mai duka ba. Amma hedimasta ya ce Bature mai duba makarantu rajista yake fara buɗewa, in ya ga makara ta yi yawa, ni zan amsa. Akwai wani ɗalibina, Ya'u, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda kullum sai rana ta ɗaga yake shigowa, wandonsa duk laka. Shinkafar ubansa ta fara nuna, shi ke korar tsuntsaye tun asuba. Na dake shi sau biyu, ban ga canji ba, sai kunyar kaina. Sai na ɗaga sabon fensiri ja a gaban aji, na ce na wanda ya yi mako guda bai makara ba ne. Ina jin na samo dabarar tausayi.

Ya'u ya zo da wuri kwana shida a jere, makon makaranta cur. Na miƙa masa fensirin, aji ya tafa, ya riƙe shi da hannu biyu.

Washegari ubansa ya same ni a ƙofar aji. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ga zangarniyar shinkafa, babu ƙwaya ko ɗaya a jiki, tsuntsaye sun cinye.

"Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Na ɗauka yana gona, ashe yana nan. Ga abin da ya rage mana na bana."

Ya juya, Ya'u ya bi bayansa, fensirin a soke a bayan kunne. Yaron bai sake dawowa makaranta ba. Na roƙi hedimasta a sassauta lokacin shiga aji har a gama girbi, ya ce ba shi ya tsara lokacin ba, daga sama ya zo.

A da na ɗauka Kaka mugunta take nuna mana a jikin Zalɓe. Yanzu na gane ba mugu ba ne. Bulalata ba ta raba Ya'u da gonarsu ba, kyautata ce ta raba shi. Na koyar shekaru masu yawa bayan nan, ina ba da lada, ina yin horo, don aji ba ya zama sai da su. Amma duk ranar da yaro ya miƙo hannu zai karɓi kyauta, sai in yi tunanin me ya bari a gida kafin ya iso gare ni.