Zanen da na kai kufai

Tsakanin garinmu da Tabla akwai kufai, inda kakanninmu sunka fara zama kafin su taso kusa da hanya. Babu abin da ya rage sai tsohuwar rijiya, da gawo uku, da tsingaro da ruwan sama ke tonowa. Kowace shekara in an gama ɗaure hatsi, nan muke taruwa yini guda. Maza su gwada saƙa da ƙira, samari su yi kokawa, Fulani su zo da shanu da nono, mu mata mu yi daka da kaɗi da jan ruwa yadda mutanen da suke yi. Ina son ranar nan har gobe. Dangin da sunka warwatsu Sanam da Baleyara, nan kake ganinsu da ƙoƙon fura a hannu.

A zamanin soja ne abin ya zama na tsari. Anka ɗora shi kan wani malamin makaranta da muke ce wa mushe, baƙo daga gabas, mutumin kirki amma mai son takarda. Shi ya ce matan da za su nuna rayuwar kakanni su sa tsummoki, don a ga wahalar da anka sha. Kwamanda, mai mulkin yankinmu, zai zo kallo, kuma lokacin ba a musu da abin da anka ce kwamanda zai kalla. Munka tono yagaggun zannuwa, har da wanda nake rufe kaji da shi. Munka jeru da tuluna, anka yi tafi, mu ma muna dariya.

Gwaggona, ƙanwar babana, ba ta yi dariya ba. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda anka haifa a kufai. Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Rana ta uku ta ce ta ga na fito da uwarta gaban jama'a kamar mahaukaciya. Ta ce matan kufai ba su da gishiri wani lokaci, amma ba mace guda da ta taɓa zuwa rijiya ba kitso, domin rijiya ce kasuwarsu, nan ake ganin kowa. Ta ce ba za ta sake taka wurin ba. Ta buɗe adudunta, ta jefo mini saƙin uwarta, baƙi ƙirin da shuni, mai nauyi kamar bargo, da munduwa biyu. Ba ta ce in sa ba.

Shekara ta kewayo, na sa. Na yi kitso, na rambaɗa kwalli, na shiga layi tsakiyar masu tsumma kamar amarya cikin makoki. Mushe ya zo da sauri yana kaɗa takardarsa, ya ce ba haka aka rubuta ba. Lokacin ban iya karatu ba, sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, don haka takarda ba ta ba ni tsoro yadda take ba shi.

Na ce, "Mushe, kakar wa anka rubuta nan? In taka ce, sa mata tsumma. Tawa ga zanenta."

Ya fitar da ni daga layi. Ban tafi gida ba. Na shimfiɗa tabarma gindin gawo, na ɗauko mazari da alli, na kama kaɗi. Da ma mijina ya ce in anka kai ni Filingué gaban hukuma bai san ni ba. Kwamanda ya zo, ya ci nama, ya duba agogo, ya tafi. Ko inda nake bai kalla ba. Matan Fulani ne sunka kewaye ni da ƙorensu, suna murza bakin zanen, suna gardamar ko saƙar ina ce. Wata ta ce irinsa uwarta ta karɓa da maraƙi.

Shekara mai zuwa munka zama huɗu gindin gawo. Ashe kowane ɗaki akwai adudu. Wata nata gara ta ci rabi, ta yafa sauran a kafaɗa. Layin tsumma ya yi ta raguwa, ba wanda ya hana shi, har wata shekara mushe ya tsaya da mata biyu, su ma suna leƙen inuwa. Ya naɗe takarda, ya zo ya tsuguna, ya tambaya ko za mu yarda mu ja ruwa. Munka ce ai da ma jiran tambaya muke.

Soja sun tafi, farar hula sun zo, soja sun sake dawowa, taron bai fasa ba. Gwaggo ce ta ƙi zuwa. Kowace shekara in kai mata labari, ta ce ta ji. Sai da idonta ya fara dushewa ta ce a ɗora ta kan amalanken jaki a kai ta kufai.

Na zo gabanta da tulu a ka, shuni ya rine mini hannuwa. Ta sa na matso, ta shafa zanen daga ƙugu har ƙasa, ta shafa kitson.

"Ke, ɗiyar nan," ta ce, "shekara nawa kina ɗaura shi a karkace ba wanda ya faɗa miki? Sauke tulun."

Na sauke. Ta kwance ni gaban mutane, ta ɗaura da hannunta, ta ja har numfashina ya tsaya. Sannan ta ce a kawo mata fura, kuma a matsar da tabarmarta inda za ta ji ƙarar guga.