Saiwar da Na Bari a Ƙasa

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Iliyasu, wanda mutanenmu na unguwar Tremont suka fi sani da Ilu Mai Fure. A watan Janairu ya rasu, a wani asibiti nan Bronx. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan tara 'yan'uwa a yi masa addu'a, a ci abinci, a watse. Bana na ga hakan ba zai sauke abin da ke wuyana ba. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna allo ne da firamare, sana'ata kuma sayar da jakunkuna da tabarau a Canal Street. Mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Yaya Ilu shara da goge-goge yake yi a asibiti. In ya tashi aiki ba majalisa yake zuwa ba, sai wani ɗan lambun unguwa da ke tsakanin dogayen gine-gine, inda aka yanka wa kowa fili kamar shimfiɗar tabarma uku. Mutanenmu da suka samu fili alayyafo suke shukawa, da kuɓewa da yakuwa da barkono. Shi kuwa sai ya shuka daliya. Fure ne da ba mu san shi a ƙauyenmu ba. Tsawonsa yakan kai ƙirjin mutum, kan wani ya kai faɗin faranti, a ƙasa kuma yana yin saiwa dunƙule-dunƙule kamar dankalin Hausa. Wata tsohuwa 'yar Jamaika mai fili kusa da nasa ce ta ba shi saiwa biyu. Daga nan ya kamu.

Mun yi masa dariya, ni ne kuma kan gaba. In an sauko daga Juma'a nakan ce, "Yaya, yau miyar fure za a yi mana ko dafa-duka?" Sai ya ce, "Kai dai Sabi'u, da cikinka kake gani." Ba ya ƙarawa. Na sha ganinsa yana tsinke toho biyu cikin uku a reshe don ɗayan ya samu ƙarfi. Na gan shi ya ɗaure wa fure lema don kada ruwan sama ya ɓata masa fuska, shi kuma yana jiƙewa. In watan Satumba ya kama, sai ya yanko mafi kyau, ya sa a bokiti, ya rungume a jirgin ƙasa zuwa wurin gasar furanni. Sau biyu ya dawo da ƙyallen nan da ake ba wanda ya ci. Ban taɓa raka shi ba.

Ya yi mini bayani ina ji da rabin kunne. In ka shuka saiwa, furen bara ne zai dawo maka sak. In ka shuka iri kuwa, sabon fure zai fito wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma yawancinsu ba su da kyau. Shekaru ya yi yana shuka iri yana tugewa, har ya dace da wani ja mai duhu kamar zoɓo, bakin kowane ganyen furen da ɗan fari. Ya sa masa suna Inna Ladi, sunan mahaifiyarmu, wadda aka binne muna nan ba takardun komawa. Gindi uku ya tara. Duk duniya babu Inna Ladi sai waɗannan ukun.

Wahalar daliya sanyi ne. Da zarar sanyin farko ya ƙone ganye ya yi baƙi, sai a sare kara, a tone saiwa da cokalin haƙa mai yatsu, a wanke, a bar ta ta sha iska, a rubuta suna a jikinta. Sannan a jera a kwali cikin garin katako, a kai ɗakin ƙarƙashin gini, inda ba ƙanƙara kuma ba zafin tukunyar ɗumama gida. Duk wata sai an leƙa a cire wadda ta fara ruɓewa.

A Oktoban shekarar ciwon hanta ya kwantar da shi. Matarsa, Yaya Rabi, tana jinyarsa, 'yarsa Nafisa shekararta goma sha huɗu. Ya miƙa mini makullin lambu ya ce, "Da ganye ya yi baƙi, ka tone. Sauran in ka gaji ka bari. Inna dai kada ta kwana a ƙasa."

Ganye ya yi baƙi a tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da ciniki ke buɗewa a Canal Street saboda Kirsimeti. Na ce Lahadi. Lahadi ta zo na ce wata. Sai na samo wa kaina hujja. A gida mun tashi muna barin rogo a ƙasa wata da watanni, ƙasar ce ma'ajiyarsa, sai mun buƙata mu tona. Na ce saiwa ai saiwa ce, Turawa ne da son wahalar da kai. Na je na sare kara, na shimfiɗa kwali biyu da busasshen ganye a kai, na koma teburina. Na yi shekaru a garin nan, na san ƙasarsa kan daskare kamar dutse. Ba jahilci ba ne. Son kai ne ya ari rigar ilimin gida.

Da na je duba shi ya ce, "Ka tone?"

Na ce, "Na tone, Yaya."

"Ka rubuta suna?"

"Na rubuta."

"Idanun fa? Ka ga inda za ta yi toho?"

"Suna nan lafiya."

Ya ce in kawo masa guda ya gani. Na ce gobe. Sau uku yana tambaya, a zuwana na huɗu bai tambaya ba. Ya dubi hannuwana, ya juya ya dubi taga, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." A lokacin ma ƙasa ba ta gama daskarewa ba. Da na fita daga asibitin nan na wuce lambu, wataƙila da na tsira da ko gindi ɗaya. Kunyar ƙaryar da na riga na yi ta sa na ƙi ko bin layin.

A Afrilu, bayan mun binne shi da wata uku, na je ni kaɗai na tona. Abin da ya fito kamar kunun da ya kwana uku, har da wari. Na zauna a bakin filin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Sannan na tashi na yi abin da ya fi na farko muni. Na je shagon masu sayar da kayan lambu, na duba hotuna, na sayi saiwar wani ja mai farin baki, na shuka a gurbin. Tsohuwar nan 'yar Jamaika, wadda ita kaɗai za ta gane, ta riga ta koma wajen 'ya'yanta a wata jiha. Da ya yi fure na kawo Yaya Rabi da Nafisa. Yaya Rabi ta rufe fuska da mayafi. Nafisa ta durƙusa ta ce da Turanci, "Baba ya dawo."

Shekara shida yarinyar nan tana renon furen kanti da sunan kakarta. Ta ɗauki littafin da ubanta ke rubutu a ciki ta koyi aikin duka. Ta yi karatun jinya, amma ba ta taɓa barin saiwa ta kwana a ƙasa ba. Ni kuma mutane suna yabona, wai ƙane mai riƙon amana.

A watan Agustan da ya wuce ta nuna mini takardar shiga gasa. Za ta kai Inna Ladi rukunin sabbin furanni, da sunan mahaifinta a matsayin wanda ya samar da shi. Na san alƙalan nan da kallo ɗaya za su gane furen da ake sayarwa a kowane shago. Za a ce 'yar Ilu ta zo da ƙarya, ko a ce Ilu ne maƙaryacin. A nan cikin lambu na gaya mata komai. Ta ajiye almakashin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Baffa, duk abin da ban gaya wa Mama ba, wannan furen nake gaya wa." Ta ninke takardar ta tafi. Yaya Rabi kuwa cewa ta yi, "Sabi'u, ba ni ka cuta ba. Wanda ka cuta ba ya inda zan roƙa maka shi."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An yi sabon gini a gabas da lambun, rana ba ta isa filinsa sai hantsi, na san zai yi tsaki. Zai yi dariya in ya ga waɗanda suka taya ni yi masa ba'a sun sa fure a gefen kuɓewarsu, jikokinsu na ɗaukar hoto. Sanyin 'yan shekarun nan ma ya yi sauƙi, har wata maƙwabciyar fili ta bar saiwarta a ƙasa ta rayu. Shaiɗan ya so ya ba ni wannan a matsayin uzuri, wai rashin sa'a ne kawai. Ban karɓa ba. Ba a ce mini in gwada sa'a ba. Cewa aka yi in tone.

Wata uku Nafisa ba ta ɗaga wayata ba. Da ganye ya yi baƙi a Nuwamba sai ta kira, ba gaisuwa, ta ce, "Baffa, Asabar da safe. Kai za ka tona, ni zan tsaya." Na rufe teburina ranar da ta fi kowace ciniki a mako. Na tona tana kallo, na fasa saiwa biyu, ta nuna mini yadda ake shiga da cokali daga nesa. Da muka zo rubuta suna ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunan da ke jikin ledar kantin, wanda na gaya mata. Ba ta sake kiransa Inna Ladi ba.

Furen yayana ya tafi, babu kuɗi ko tuba da za su dawo da shi, kuma ni na kashe shi. Abin da ya rage na Ilu yana hannun 'yarsa: haƙurin jira, da rubuta wa kowane abu sunansa na gaskiya. Har yau ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban matsa ba. Allah Ya haskaka kabarin Yaya Ilu, Ya haɗa shi da Inna. Wanda ya karanta wannan, in ya roƙa masa rahama, ya ƙara da roƙa mini Yaya Ilu ya yafe ni ranar da za mu haɗu, don zai tambaye ni, kuma a wurin babu gobe.