Shokazoba da Buhu Biyu na Yashi

Duk kasuwar babu wanda ya san shi da wani suna sai Mai Sikeli, kuma babu mai son gardama ta haɗa su. Aikinsa gyaran ma'auni ne: na mahauta, na masu hatsi, na masu sayen tsofaffin ƙarafa. Tun yana saurayi ya koyi aikin a wurin kawunsa, ya kwashe halin kawun gaba ɗaya, wato taurin kai da raina idon kowa. Abin alfaharinsa hannunsa ne. Sai ya ɗaga abu, ya ɗan jijjiga shi, ya lumshe ido, ya faɗi nauyinsa, a ɗora a sikeli a ga haka ne. In kuma ba haka ba ne, to sikelin ne da laifi, a kawo a gyara.

Abu na biyu da yake taƙama da shi shi ne babur ɗinsa. Baƙi ne mai dogon tanki, ya girmi duk 'ya'yan gidan, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. Fenti ya koɗe, kujera ta sha faci har ba a gane asalin fatar, amma yana buga masa kik zai tashi, yana gurnani kamar tsohon rago. Masu sha'awar tsofaffin babura sun sha tare shi a hanya suna roƙon ya sayar musu. Amsarsa kullum ɗaya ce: su je su tambayi mai kujerar baya.

Mai kujerar baya ita ce matarsa, wadda yara da manya, har shi kansa, suke kira Inna. Mace ce mai jiki, Allah ya yi mata ƙira, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Ɗinki take yi a gida, in ta zauna gaban keke, kujerar ce ke fara kuka kafin keken. Shekara da shekaru duk inda za ta je a bayan babur ɗin nan take zuwa, ko sayen yadi, ko dubiya, ko gidan 'ya'ya. Suna tafe suna faɗa. Ta ce ya cika gudu, ya ce ta daina karkata in zai sha kwana. Maƙwabta sun saba, in suka ji babur ya wuce babu hayaniya sun san shi kaɗai ne a kai.

Bara ciwo ya kama Inna. Aka yi ta magani, ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi. Likita ya ce ta riƙa zuwa ana duba ta a kai a kai, kada ta kuskura ta tsallake. Ana cikin haka sai shokazoban baya suka mutu, wato ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke tsakanin taya da kujera, masu shanye girgizar hanya kafin ta kai ƙugun mutum. Man cikinsu ya tsiyaye kaf. Wata rana suna dawowa daga asibiti babur ya faɗa rami, ƙarfe ya daki ƙarfe, Inna ta saki ƙara. Ta sa ya tsaya, ta sauka a bakin titi, ta rantse ba ta ƙara hawan abin nan sai an gyara shi.

Kai da ke gefe sai ka ce ai da sauƙi, a shiga tasi. Ina! Inna ta ce mota amai take sa ta, kuma ba ta zuwa gaban likita sai da shi, don shi ne ke riƙe abin da aka faɗa. Shi kuma ya ce bai ga dalilin da zai cusa kansa cikin mota da baƙi ba alhali yana da abin hawansa, ta dai ba shi kwana biyu kawai ya gyara. Haka ranar asibiti ta zo ta wuce Inna na ɗaki. Mutum biyu masu furfura, kowa ya kafe, wallahi abin haushi.

Bakanikensa wani mai haƙuri ne da ake kira Gajere, rumfarsa na bayan kasuwa, ƙasanta duk baƙin mai. Ya karaɗe layin masu kayan gyara, ya samo shokazoba iri uku, ya jera su a kan benci.

Ya ce, "Baba, ga su nan. Waɗannan sababbi ne, laushi gare su kamar katifa. Na tsakiyar nan daga jikin babur irin naka aka ciro su. Waɗancan kuwa na masu dakon kaya ne, ban ma so kawo su ba, tauri gare su."

Mai Sikeli ya ɗaga kowanne ya jijjiga, ya kai kunne, ya ciro tef daga aljihu ya auna tsawonsu daga ramin noti zuwa ramin noti. Ya nuna sababbin da leɓe.

"Wannan jan sifirin fa? Babur ɗina ɗan rawa ne?"

"Haba Baba, ai ba launin za ka hau ba. Ka ga, mafi sauƙi, a kawo Inna ta zauna, mu ga yadda bayan zai nutsa. Nan take za mu gane wanda ya dace."

Da ma Gajere ya yi shiru. Mai Sikeli ya cire tabarau, ya kalle shi sama da ƙasa, wanda ba aiki ne mai ɗaukar lokaci ba.

"Matata ce za ta zo tsakiyar gareji ta zauna, kana tsugune kana kallon yadda take nutsa? Ba ka da kunya. Ni da nake ɗauke da ita tun kafin a haife ka, ni za a koya wa nauyinta?"

Washegari sai ga shi da buhu biyu na yashi. A gaban kowa ya ɗaga su, ya lumshe ido, ya kwance bakin ɗaya ya rage tafi uku, ya sake ɗagawa, ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ita ce Inna, ko ƙwayar yashi babu ƙari. Aka ɗaure buhunan a kujerar baya da roba, Gajere ya ɗaura sababbin shokazoba, dattijo ya hau ya nufi layin bayan kasuwa, wanda ramukansa sun fi kwaltarsa yawa.

Bai je ko'ina ba ya dawo. Bayan babur ya zauna daɓas, taya na goga madigadi, ƙaurin roba ya cika rumfa. Ya ce a cire masa wannan shirmen. Aka cire, aka ɗaura na tsakiya. Waɗannan sun yi daidai, har Gajere ya fara murna a ransa, sai Mai Sikeli ya tsuguna ya shafa ƙarfen da yatsa, ya ɗago da ɗan danshin mai. Gajere ya ce ƙaramin abu ne, robar ciki kawai za a canza. Ya ce shi ba ya ɗora matarsa a kan ƙaramin abu. Aka cire, aka mayar da na farko don ya sake ji, aka cire, aka gwada ɗaya daga nan ɗaya daga can. Masu babura suka gaji da jira a benci suka riƙa turawa gaba. Gajere ya kai matsayin da in ya hango baƙin tanki daga nesa sai ya ji kansa ya fara sarawa.

Kasuwa kuwa ta samu abin yi. Duk sanda ya wuce da buhunansa sai wani mahauci ya ɗaga wuƙa ya kwaɗa kira, "Mai Sikeli, a gaida Inna!" Masu hatsi su amsa da dariya. Shi ko a jikinsa, kansa a sama, kunnensa na wajen tayar baya. A cikin wannan gwaje-gwaje wata ranar asibitin ta sake wucewa.

Nan ne 'yar autarsu, wadda ke aure can ƙarshen gari, ta zo gida a fusace. Ta same shi a tsakar gida yana goge madubin babur.

"Baba, don Allah me ake jira? Ana ta cewa a kai Inna asibiti, kai kana yawo da yashi a gari."

"Aiki nake yi. In na yi gaggawa na sa mata wanda zai karya mata ƙugu, ke ce za ki fara zagina."

"Ni ban taɓa zaginka ba. Amma Baba, ka kalli Inna da kyau kuwa kwanan nan?"

"Ji wata magana. Wa nake kallo in ba ita ba? Ɗaki ɗaya muke kwana."

Auta ta shige ɗaki tana share ido da gefen mayafi. Shi ya ɗauka fushi ne kawai irin na 'ya'yan yanzu. Jim kaɗan Inna ta leƙo daga ƙofa, lulluɓe da zane biyu duk da ana zafi, ta jingina da bango.

"Malam, na ji an ce ka yi mini wakili."

"Gwaji ne. Aikin ma'auni haka yake."

"Buhu nawa ka sa?"

"Biyu, saura kaɗan."

Ta kalle shi. Sannan ta yi ɗan murmushi, ta ce Allah ya saka da alheri, ta koma ciki. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ɗauka yabo ne.

A ƙarshe na masu dakon kayan ya zaɓa. Bai tsaya nan ba, ya sa Gajere ya murɗe sifirin ɗin har matakin ƙarshe, inda ya fi tauri. Gajere ya ce, "Baba, wannan fa ko firiji ka ɗora ba zai ji ba." Ya ce a murɗa. Aka ɗaure yashi, ya hau, ya shiga layin ramuka. Gaskiya ɗaya ce, babur ya tafi sumul. Ya faɗa babban ramin da gangan, bayan ya ɗan sunkuya ya miƙe ba tare da ƙara ba. Ya dawo yana washe baki, ya kwance buhunan ya bar wa Gajere su kyauta, ya ce ya yayyafa a ƙasan rumfarsa ko ta yi kyan gani. Gajere ya gode wa Allah da babbar murya, kuma ba don yashin ba.

Ranar asibiti ta zagayo. Da sassafe ya fito da babur ƙofar gida, ya goge kujerar baya, ya buga kik, ya zauna ya riƙe kan babur da hannu biyu. Bai waiwaya ba. Tunda suke bai taɓa waiwayawa don ya ga ko ta hau ba, babur ne ke gaya masa: bayan zai sauka, gaban ya ɗan ɗaga, sai ya sa giya. Ya jira. Inji na ta gurnani, rana na ɗagawa, haƙurinsa da ma ba yawa gare shi ba.

"Ke wai me kike yi ne? Sai an rufe layin ganin likita? Hau mana!"

Murya ta zo masa daga dab da kunnensa.

"Malam, ai na hau tun ɗazu."

Ya kalli ƙasa. Shokazoban na tsaye ƙyam, ko motsi ba su yi ba. Ya kalli hannun da ke kan kafaɗarsa. Awarwaron da a da sai da sabulu ake cire shi ya zame har kusa da gwiwar hannu, yatsun duk sun zama ƙashi. Wani tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai. Kullum yana ɗakin, kullum yana miƙa mata magani, amma matar da yake aunawa a ransa ba ita ce wannan ba.

Ya kashe inji. Ya sa ta sauka, ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujera, ya tsuguna ya sassauta sifirin ɗin har matakin farko. Ta sake hawa. Bayan babur bai sauka ba.

Inna ta ce, "Za mu tafi ne, ko sai ka koma ka auno wani yashin?"

Ya tayar da babur, ya shiga hanya da giya ta ɗaya, ƙafafunsa na jan ƙasa, yana kewaye kowane rami, masu keke na wuce su. Da suka kai kwanar farko ta ce yau kuma wane irin tuƙi ne wannan, kamar mai rakiyar kunkuru.

Ya saki hannu ɗaya, ya kamo nata ya zagaya da shi cikinsa, ya danne.

"Riƙe ni da kyau," ya ce. "Ba na jin ki a baya."