Koriyar atamfar da ta maƙale a wayar Gwaggo

Ina cikin shekarata ta biyu a wani ɗan kamfani da ke unguwar Akwa a Duwala aka ba ni aikin da har yau nake jin daɗin tuna shi. Mu biyar ne a biro, wato ofis, muna rubuta manhajar karanta imel a waya, saboda 'yan kasuwa da masu fiton kaya daga tashar jiragen ruwa. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma 'yar unguwar New Bell.

Ƙorafin masu amfani da manhajar ɗaya ne. Duk sanda mutum ya taɓa hoton da aka aiko masa, sai wayar ta sake janyo shi daga intanet, ko da sau goma ya buɗe shi a ranar. Shugabanmu, wani Bafulatanin Garwa mai sanyin magana da muke kira shef, ya ce in yi wa manhajar ma'ajiya a cikin waya, ta riƙa adana abin da aka riga aka sauko da shi. Ya kuma gargaɗe ni kada in zo ina ce masa ta yi sauri, in zo masa da awo.

Na saka ɗan agogo a cikin manhajar, yana ƙirga lokaci daga sanda yatsa ya taɓa hoto zuwa sanda hoton ya fito. Sakamakon ya yi kyau har na fara jin kaina. Shef ya duba, ya tambaye ni da wace waya na auna, a kan wane reso, wato layin sadarwa. Na ce da tawa, a nan biro.

"To biro kika auna," in ji shi. "Saura Duwala."

Abin da ya kai ni rumfar gwaggota ke nan, ƙanwar babana, mai sayar da atamfa a kasuwar unguwarmu. Wani dillali a Kwatano ne ke aiko mata da hotunan sabbin zane ta imel. Wayarta tsohuwa ce, gilashin ya tsage, cikinta maƙil da hotunan jikoki, ga reso a ƙarƙashin kwanon kasuwa sai ya ga dama. Na sa mata manhajar. Kowace Asabar da hantsi sai in zauna a bencinta da littafina, ita tana ciniki, ni ina buɗe hotuna ina rubuta abin da agogo ya nuna. Takan aika a sayo mini makala, wato fanke, da wake, ta riƙa gaya wa maƙwabtan rumfa cewa 'yarta injiniya ce, ta zo duba lafiyar waya.

A bencin nan na gano abin da ban gani ba a biro. Idan wayar ta cika, ma'ajiyata takan zubar da komai, a koma gidan jiya. Na gyara ta, ta riƙa fara zubar da hoton da aka fi daɗewa ba a buɗe ba. Daga nan Gwaggo ta daina ɗaga waya sama tana neman reso a gaban masu saye.

Ana haka wasu mutanen unguwar Kassalafam suka zo neman ankon biki. Suka zaɓi wata koriya mai ganye-ganye a cikin hotunan. Bayan kwana biyu dillalin ya sake aiko da saƙo. Gwaggo ba ta damu da dogon Faransanci ba, hoto take dubawa. Ta taɓa, ta ga koriyar nan, ta kira shi ta ce ya turo abin da ke hoton. Da kaya suka iso, aka kwance, sai ga atamfa ruwan goro.

Ta kira ni tana faɗa, wai dillali ya raina mata hankali. Na hau bensikin, wato acaɓa, na je, na karanta saƙon. Mutumin ya rubuta ƙarara cewa koriya ta ƙare, ga wadda ta rage. Sai dai sabon hoton da tsohon sunansu ɗaya, ni kuwa da suna na koya wa ma'ajiyar gane hoto. Da ta ga sunan da ta sani, sai ta miƙo tsohon da ke hannunta.

Na ce, "Gwaggo, ba laifinsa ba ne. Aikina ne ya nuna miki tsohon hoto."

Ta ce, "Wato saurin da kika ƙara mata ne ya sa ta daina dubawa?"

Na ce haka ne. Ta ce to in ɗauko turmi biyu in biyo ta, tunda da ni aka ɓata, da ni za a je ba da haƙuri. A tsakar gidan bikin mata suka baza atamfar, aka yi ta muhawara. Uwar amarya ta yafa a kafaɗa, ta shiga ɗaki ta dubi madubi, ta fito ta ce a bar ta. Wata yayar amarya ce ta ƙi, ranar biki ma nata lesin ta saka.

Ranar Litinin na faɗa wa shef komai. Bai yi faɗa ba. Muka zauna muka canza tsarin, ma'ajiyar ta koma gane hoto da abin da ke cikinsa, ba da sunansa ba. Hakan ya ɗan rage saurin da nake taƙama da shi, na kuma rubuta hakan a rahotona ba tare da na ɓoye ba.

An gama aikin kafin ruwan Agusta ya kankama, amma ban daina zuwa rumfar ba. Yanzu Gwaggo kan miƙo mini wayar ta ce in karanta mata saƙon tukuna, kalma bayan kalma, in mayar mata da Hausa. Idan na zo inda dillalin ke gaishe ta da dogon Faransancinsa, sai ta ce in maimaita wurin, wai gaisuwar tana mata daɗi.