Ranar da Goggo Ta Kifar da Murhuna

Shekarun baya, lokacin fari, ina amarya a unguwar Boukoki ta Yamai, maigidana ya sayo mini murhun ƙarfe a kasuwar Katako, irin wanda maƙera ke yi da tsohuwar ganga. Itace ya yi tsada a Yamai, shi kuwa murhun nan 'yan faskare kaɗan sun ishe shi tuwo da miya. Na riƙa yi wa maƙwabta yanga da shi kamar ni na ƙera. Aibinsa ɗaya, ba shi da nauyi. In za ki tuƙa tuwo, sai kin saƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunya kin take su da ƙafa.

Ana nan sai goggon maigidana ta iso daga wajen Tahoua da 'ya'yanta mata biyu, dabbobinsu duk sun mutu. Muka kafa musu zana a bayan ɗaki. A lokacin sojoji na kwashe waɗanda yunwa ta koro a kamiyo, manyan motocin nan na kaya, suna mayar da su ƙauye, ƙauyen da ko dusa babu. Kullum cikin fargaba nake kada a gan su.

Wata rana da azahar Goggo ta karɓe muciya daga hannuna.

"Goggo, ki taka ƙarafan nan," na ce.

"'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake tuƙa tuwo."

Ta danna muciya yadda ta saba a kan duwatsu uku. Murhu ya kife, tukunya ta bi shi, garwashi ya watsu a gindin zana. Nan take wuta ta tashi. Maƙwabta suka shigo da bokitai aka kashe, amma hayaƙi ya riga ya kai titi. Ina juyawa na ga soja tsaye a ƙofar gida, da bindiga a kafaɗa.

Zanar da ke ɓoye baƙina ta zama toka, ga su nan tsugune da ƙullin kayansu, kowa ya gan su ya san daga ina suke.

Ya dube su, ya dube ni. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Madam, wannan tsohuwa fa?"

"Uwata ce," na ce.

Sai ya sunkuya ya tayar da murhun, ya ɗauki ƙarafan ya miƙa wa Goggo.

"Inna, ki dinga takawa. Tawa uwar ma da ta zo, haka ta zubar mana." Ya rage murya. "Ku sake zana kafin gobe."

Ya fita. Ran nan da gumba muka kwana, babu wanda ya yi ƙorafi.

Yanzu da gas nake girki, amma murhun yana nan a kusurwar madafa, tsatsa ta cinye gindinsa. Har yau in kamiyo ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Goggo kuwa ta zauna da mu har damina ta dawo, kuma ba a sake tuna mata ta taka ƙarafa ba.