Kurmin da Ya Ci Saniyar Inna

Ni dai kada wanda ya yabi kurmin bakin kogi a gabana. Na shiga, na ga abin da yake yi.

A zamanin juyin juya hali aka naɗa yayana delege, wato wakilin hukuma, na layinmu a Zongo. Mutumin da ko akuya bai taɓa kiwo ba, sai ga shi da jar hula yana cewa kowa ya fito a samar da abinci. Ya tara shanun unguwa za a kai kiwon haɗin gwiwa a kurmin nan, can gaba da garin Seme. Cikinsu har da farar saniyar Inna, mahaifiyarmu, wadda aka kawo mata daga arewa. Da nononta take dama furar sayarwa, ita kaɗai ce abin da ta mallaka.

Inna ta ce, "Saniyar tudu ba ta shiga inuwar kogi."

Ya ce, "Inna, wannan tunanin da ne. Na ga guntayen shanun mutanen wurin, ƙiba kamar su fashe. Ina ga tamu?"

Ni aka tura rakiya a bayan kamiyo, babbar motar da ta kwashi shanun. Wai! Ciyawa har ƙirji, kore shar. Sai tukurwa da kwakwar manja, da wasu dogayen itatuwa masu saiwa a waje, igiyoyi sun nannaɗe su. A jikin kowanne akwai zanen laka sama da kaina, iyakar inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika. Ƙasa kuwa in ka taka sai ta riƙe takalminka. Ban yi rabin awa ba tsando ya cije ni ta cikin riga, kamar an soka allura. Wata tsohuwa mai kamun kifi ta dubi shanunmu, ta girgiza kai. Ashe guntayen sun saba da ƙudan, namu ne baƙi.

Bayan wata biyu aka dawo da saniyar Inna. Wallahi ban gane ta ba. Haƙarƙari a waje, gashi a tsaye, ido na zubar ruwa, hantsa ta bushe. Sammore, ciwon cizon tsando, ya gama da ita. Inna ta jiƙa dusa da kanwa, ta zauna gabanta kwana uku, ko sansanawa ba ta yi ba. Shi kuwa gogan yana ta cewa makiyayin da aka ba shanun ne ya yi zagon ƙasa. Ƙarya yake, kuma har yau ban yafe masa ba.

Rana ta huɗu aka kira mahauci kafin ta zama mushe. Da ya farke cikin sai ya tsaya, ya ɗago kai. 'Yar maraƙa ce, har gashi ya fara fito mata.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ta ɗauko, ta ajiye a kan takalmin yayana.

Ta ce, "Ungo. Kai wa waɗanda suka naɗa ka, ka ce ga abin da ka samar."